Shekarar Rijiyar Garin Kanya

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, ya ku 'ya'yana da jikokina, duk da yatsuna sun fara ƙin lanƙwasawa. Na san kun sha jin ana cewa tsohuwarku ta yi wa Nasara aiki, wasu ma sukan rage murya su ce leƙen asiri na yi masa a ƙauyuka. Ban taɓa tsayawa gardama da kowa ba, don a lokacin ina da abin yi. Yanzu da na zauna, gara ku ji daga bakina. Aikin da na yi shekara da shekaru, daga ƙasar Gaffati har Dakusa da Tirmini, ba shi da suna a Hausa. Zama nake yi cikin mata, in ci abin da suke ci, in saurara har in gane dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi, sannan in kai maganar inda za ta yi musu amfani, da yardarsu. A shekara ɗaya na koyi wannan, kuma labarin shekarar zan ba ku.

A Birni, cikin Damagaram, aka haife ni, gidanmu gidan Barebari ne, kakanmu fatauci ya kawo shi Damagaram daga Barno. Mijina na fari, Allah ya ji ƙansa, kuku ne a bariki, a bakin murhunsa na tsinci Faransanci, irin na madafa: kawo, kai, ya yi zafi, gishiri ya yi yawa. Ba mu samu haihuwa da shi ba. Da ya rasu na gama takaba, sai na koma gidanmu, wurin mahaifiyarmu da muke kira Ya, da yayana Bukar mai sana'ar fata. Kitso nake yi da lalle, ina haɗa turaren wuta. A lokacin wani abokin cinikin Yaya, Malam Abba, ya fara aiko da goro. Mutum ne mai sanyin hali, idan ya yi dariya har kafaɗunsa ke rawa. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. An tsayar da magana a kan watan Mauludi.

Bayan an gama ɗaure gero a shekarar, sai ga wata Baturiya a ƙofar gidanmu, doguwa, siririya, rana ta gasa mata hanci ya yi ja. Ƙanwar lokotoron bariki ce, wato babban likita. A ƙasarsu ta yi karatun sanin zaman mutane da al'adunsu, tana neman mace mai jin Faransanci da za ta raka ta ƙauye. Matar wani gardi, wato dogarin bariki, da nake yi wa kitso ce ta ambace ni. Kafin ta zauna a kan tabarma ta riga ta tambayi sunan tabarmar, da sunan wanda ya saƙa ta, da dalilin da ya sa tukunyar ruwa take gabas ba yamma ba. Duk amsar da na ba ta sai ta rubuta a wani littafi da muke kira kaye. Ya tana kallon ta daga bakin ɗaki, can ta ce da ni da Barbarci:

"Wannan baiwar Allah uwarta ba ta koya mata kome ba ne? Ai sunanta Tambaya."

Sunan ya bi ta har ta bar ƙasar nan. Madam Tambaya.

Abin da ke tafe da ita shi ne, a wani ƙauye na ƙasar Gaffati, wanda zan kira Garin Kanya saboda kanyar da ke bakin hanyarsa, kurkunu ya addabi mutane. Duk shekara sai ya kwantar da rabin manoma daidai lokacin da ake bukatar ƙafafunsu. Lokotoro ya ce daga ruwan tsohon tafki ake ɗaukar sa. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya sa aka haƙa sabuwar rijiya mai zurfi, aka ɗaure bakinta da siminti, amma mata suka ƙi ta. Suna wuce ta da tulunansu su tafi tafkin nan mai nisa. Kumandan ya ce taurin kai ne da raini. Ya yi rantsuwa idan ya zo rangadi kafin damina bai tarar ana jan ruwa ba, zai tuɓe maigari, ya kwashi mazan garin zuwa aikin dole na hanya. Madam ta roƙe shi ya bar ta ta je ta ji ta bakin matan tukuna.

Da Yaya Bukar ya ji, hularsa ya cire ya ajiye a gwiwa.

"Falmata, 'yar gidan nan, a bayan Nasara kamar akuya? Ga magana an tsayar? Me zan ce wa Malam Abba?"

"Yaya, kitso zan je yi, da fassara. Ba rawa zan je yi ba."

"Ba inda za ki."

Ya ta gama tauna goronta. Sannan ta ce:

"Bukar, ƙanwata kurkunu ne ya gurgunta ta, kai ma ka sani. A bar ta ta je. Amma ta dawo kafin Mauludi."

Malam Abba da kansa ya zo zaure, muka gaisa. Ya ce ba ya hana ni alheri, amma shi ma yana da manya a sama da shi, kuma sun gaji da ganin sa gwauro. Idan watan ya kama ban dawo ba, ba zai iya riƙe su ba. Na ce ai wata guda ma ya yi yawa. Haka na zata har zuciyata.

A kan jakuna muka shiga Garin Kanya, yara na gudu suna ɓuya a bayan rumbuna. Maigari Tanko, dattijo mai son a yabe shi, ya tarbe mu da rawaninsa mafi girma, ya kai mu ya nuna mana rijiyar. Tana nan tsakiyar gari, daidai ƙofar gidansa, gefenta masallaci, gabanta wata babbar bishiyar gawo da maza ke zama ƙarƙashinta daga hantsi har la'asar. Bakinta fes, ko sawun tulu babu. Ya sauke mu a gidan Inna Hajo, ungozomar garin, tsohuwa gajera mai kaifin harshe, wadda ta karɓi haihuwar kusan duk wanda ke numfashi a ƙauyen. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce:

"Ke 'yar Birni, wannan farar tana cin tuwo ko sai an yi mata addu'a?"

Madam ta ci tuwon gero da miyar kuka a ranar, da hannu, miya na bin gwiwar hannunta. Kashegari ta ce a ba ta taɓarya. Bugun farko ta sami gefen turmi, gero ya watse, kaji suka yi biki. Mata suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ita ma dariyar ta yi, ta tsuguna tana tsince geron ɗaya bayan ɗaya. Ta gwada kaɗi, zaren ya fito wani wuri kamar igiya wani wuri kamar gashi. Ta ɗora tulu a gammo, bai kai taku biyar ba ta yi wanka. Ni kunya ta ishe ni, na ce mata ta bari, ai ana yi mata dariya. Sai ta ce da ni:

"Falmata, wanda aka yi wa dariya an daina jin tsoronsa. Ki bar su."

Sati na farko duk wadda muka tambaya game da rijiyar amsa ɗaya take bayarwa: ruwan yana da ɗaci. Madam ta sa aka jawo, ta sha moɗa guda a gabansu, ta ce daɗi gare shi. Suka ce ai harshen Nasara daban ne. Sati na biyu suka ce akwai aljani a ciki. Madam ta tambayi sunansa, da launinsa, da ranar da yake fita, tana rubutawa da gaske. Wata ta ce baƙi ne, wata ta ce fari, wata ta ce mace ce mai goyo. Da muka koma ɗaki na ce mata:

"Madam, wallahi ƙarya suke yi miki."

"Na sani," in ji ta. "Amma mutum ba ya wahalar ƙirƙiro aljani sai yana da abin da yake karewa. Mu daina tambayar rijiya. Mu tambayi kome ban da ita."

Haka muka yi. Kullum da sassafe mu bi su tafki. Tafiya ce mai nisa, amma ban taɓa ganin mata cikin walwala irin ta wurin nan ba. Da an wuce gonakin ƙarshe sai a kwance lulluɓi, a ɗaure zane a gwiwa, a fara waƙa da zolaya. A can ake sasanta masu faɗa, a can ake shawarar wanda ya dace da 'yar wance, a can amarya ke faɗin abin da ba za ta iya faɗa a gida ba. Da rana kuma in shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Inna Hajo in yi kitso. Kitson Barebari bai taɓa shiga ƙauyen ba, sai ga layi. Mace kuwa idan kanta yana cinyarki, bakinta ba ya rufuwa. Madam tana gefe tana koyon Hausa, da la'asar kuma ta koya mini baƙaƙen boko a kan rairayi da tsinke. Rubutun nan da kuke karantawa, a tsakar gidan nan aka haife shi.

Wata ya wuce, na biyu ya kama. Ran nan ina yi wa Inna Hajo kitso, Madam ta tafi ganin masu suyar gyaɗa, sai tsohuwar ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"'Yar Birni, kin taɓa jan ruwa a rijiya mai gaba ashirin?"

"Na taɓa, Inna."

"Yaya kike tsayawa?"

Na ce sai na ware ƙafa, na tattare zane, na sunkuya, na ja da ƙarfi.

"To. Yanzu ki yi hakan, uban mijinki yana zaune a gabanki, liman yana gefensa, wan mijinki yana kallo. Mu da ko sunansu ba ma faɗa. Mu da idan mun hango su a hanya sai mu tsuguna mu juya fuska. A nan za mu tsaya muna nishi, zane a cinya?"

Hannuna ya tsaya a kanta. Wata biyu ina wuce gawon nan kullum, ina gaishe da dattawan, ni da nake mace kuma na yi zaman aure, amma abin bai faɗo mini ba.

"Inna, me ya hana ku faɗa?"

"Wa za mu faɗa wa? Tafintan kumandan namiji ne, maza ya tara ya tambaya. Su kuwa sun ce ko'ina aka haƙa daidai ne, tunda ba su ke ja ba. Kuma Tanko ne ya nuna wurin da sandarsa, don baƙi su ga rijiyar siminti a ƙofar gidansa. Idan Nasara ya ji haka, ai ya tuɓe shi. Tanko wawa ne, amma namu ne, ni na yanke wa 'ya'yansa cibi. Maganar nan ta tsaya a kan tabarmar nan, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Kwana uku ina ɗauke da maganar kamar garwashi a tafin hannu. A ranar ta uku saƙo ya zo daga Birni ta bakin wani mai kai gawayi: Ya ta ce watan Mauludi saura kwana goma, in kamo hanya. Ku duba halin da nake ciki. Da na buɗe baki na faɗa wa Madam, a ranar aikina ya ƙare. Ta rubuta, ta aika wa kumandan, ni in hau jakina in je in yi aurena. Ba wanda zai zarge ni a Birni. Amma na yi wa tsohuwar nan alkawari kanta yana cinyata. Idan kuma na yi shiru na tafi, za a kwashe mazan garin ana gab da shuka. Na kasa cin abinci. Madam ta lura, ta zo ta zauna kusa da ni a inuwar rumbu.

"Kin san dalilin," ta ce da Faransanci.

Na sunkuyar da kai.

"Kada ki faɗa mini. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki koma wurin masu shi ki tambaye su abin da suke so a yi da shi. Idan sun ce a binne, mu binne, mu nemi wata hanya."

"Zai ɗauki lokaci, Madam, ni kuwa ba ni da shi."

"Na sani. Idan kin tafi ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na aika wa Ya cewa a yi mini haƙuri, a roƙi Malam Abba ya ƙara mini wata guda. Ina faɗin saƙon ina sane da abin da nake saki daga hannuna.

Kashegari a bakin tafki na tsaya a gaban matan na faɗa musu gaskiya, cewa kumandan ba wasa yake yi ba, kuma shirunsu ba zai ceci Maigari ba, sai dai ya haɗa da mazajensu. Aka yi ta cacar baki har rana ta take. Wata ta ce a fasa rijiyar da dare a huta. Wata ta ce a tura 'yan mata ƙanana su riƙa ja ranar da kumandan ya zo, a rufe masa ido. Inna Hajo ta bar kowa ta gaji, sannan ta ce:

"A kira Tambaya. Amma kafin mu ba ta wannan, sai ta karanta mana abin da ta rubuta a kanmu. Wata biyu tana zane-zane, mu ji ko mu ne a ciki."

Ban taɓa ganin taro mai daɗi irin na ranar ba. Madam ta zauna a kan tulun da aka kife, tana karantawa ina fassarawa. Ta rubuta cewa matan Garin Kanya ba sa cin ƙwai don suna girmama kaza. Aka fashe da dariya. Suka ce a goge, ƙwan ne ba ya isa, ana bari ya zama kaza. Ta rubuta cewa mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari don tsoron maita. Suka ce kunya ce kawai, wace irin maita. Ta rubuta cewa Inna Hajo ita ce sarauniyar mata. Inna ta ce wannan a bar shi, daidai ne. Duk inda suka ce a goge, a gabansu ta ja masa layi. Wata amarya ta ce akwai maganar da ta yi game da mijinta ba ta so ta tafi ƙasar Nasara. Madam ta yage takardar ta miƙa mata. Yarinyar ta jujjuya ta, ta rasa yadda za ta yi da ita, ta cusa a bakin zanenta.

Bayan haka ne suka faɗa mata da bakinsu. Madam ta dafe kai da hannu biyu ta ce ita ma wata biyu tana gaishe da dattawan nan. Sai ta tambaye su:

"Idan ku aka tambaya tun farko, yaya za ku yi?"

Nan fa aka ga gwanaye. Da yatsa suka zana garin a kan laka. A kewaye rijiyar da dogon darni na kara, wanda ya fi tsayin mutum, ta gefen gawo da masallaci. A buɗe mata ƙofa ta baya, ta lungun masu daka, inda namiji ba ya bi. A bar fili a ciki mai faɗi, da inuwa, inda za a ajiye tuluna a zauna a yi hira, don ba ruwa kaɗai ke kai su tafki ba. Sharaɗi ɗaya suka kafa: kada a kunyata Maigari.

Wannan kuwa Inna Hajo ta ce a bar mata. Ta je ta same shi ni ina biye, ta tsuguna ta ce:

"Ranka ya daɗe, jiya na tuna wata magana da ka taɓa yi, cewa rijiya mai daraja irin wannan bai kamata a bar ta tsirara ba, kowane jaki yana leƙa ta. Ka ce da za a kewaye ta kamar gidan sarki."

Maigari ya shafa gemu.

"Na faɗi haka?"

"Ka faɗa mana. Mu ne ba mu gane hikimar ba sai yanzu."

"To, ai na daɗe ina tunanin abin," in ji shi.

Kafin sati ya zagayo darni ya tashi, shi da kansa yake tsaye yana nuna inda za a kafa dirka. Ranar da aka gama, mata suka shiga ta ƙofar baya da wasakai, wato gugunan fata, da igiyoyi. Daga waje ba ka ganin kowa, sai dai ka ji guɗa da waƙa. Dattawan gawo suka yi ta gyaran murya, don wasu baitocin da su ake.

Kumandan ya zo rangadi da gardawansa ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa. Jibgegen mutum ne mai gashin baki, ba ya dariya. Ya ga darni, ya ji hayaniya a ciki, ya ce yana so ya san abin da ya hana tun farko, kuma daga bakin mace yake so ya ji. Aka kawo Inna Hajo, ta zauna ta ba shi gefe, ni ina tsaye a tsakani. Ya ce in tambaye ta me ya sa suka raina kyautar gwamnati. Inna ta ce:

"Tambaye shi, yana da suruka?"

Na fassara. Ya ɗaure fuska ya ce yana da ita.

"To, tambaye shi, zai iya tuɓe wandonsa ya yi wanka tana zaune tana kallo?"

Tafintan kumandan ya zare mini ido, yana girgiza kai. Maigari ya fara salati a hankali. Na dubi Madam, ta bar mini zaɓi. Ina iya sassauta maganar, in ce tsohuwa tana gaisuwa tana godiya, ba mai kama ni. Amma na ga idan na yi haka, na zama tafinta na biyu da ya tsaya tsakaninsu da kunnen da suke nema. Sai na faɗa masa yadda ta faɗa, da Faransancina na madafa, har da wandon.

Kumandan ya zuba mini ido. Fuskarsa ta yi ja, gashin bakinsa ya motsa. Sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda gardawansa suka ce ba su taɓa ji ba. Ya ce da Madam wani abu game da uwar matarsa wanda ba zan rubuta ba. Da ya natsa ya tambayi wanda ya yi dabarar darnin. Matan da ke bayan darni suka amsa baki ɗaya cewa Maigari ne. Ba a tuɓe kowa ba, ba a ɗauki kowa ba. Aka yi shuka da kowa a gida. Kurkunu bai ɓace a shekara ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya, amma da na koma bayan damina biyu, masu ɗingishi sun ragu ƙwarai.

Na koma Birni Mauludi ya wuce da wata biyu. A hanya, tun kafin in kai gida, wata maƙwabciya ta tare ni ta faɗa mini an ɗaura wa Malam Abba aure da wata 'yar unguwar Zango. Ya jira kwana ashirin bayan wa'adi, abin da ya fi ƙarfinsa ne. Na shiga ɗakin Ya na yi kukana, ta bar ni na yi har ya ishe ni, sannan ta miƙo mini fura. Ban taɓa jin haushinsa ba. Mun yi ta gaisawa da mutunci har ya bar duniya, kuma mahaifinku da na haɗu da shi daga baya a Dakusa ban musanya shi da kowa ba. Amma a shekarar abin ya yi mini ciwo. Wasu matan Birni suka daina kawo mini kai, wai hannuna ya taɓa abincin Nasara. A nan ne zancen leƙen asiri ya samo tushe. Yaya Bukar kuwa ya daina yi mini magana. Gida ɗaya, idan yana son ruwa sai ya ce, "Ya, a ce wa wadda ke kusa da randa." Madam ta koma ƙasarsu da kaka, mun rabu muna hawaye, ta yi ta aiko mini da takarda har shekarun da aka daina samun jirgin da ke kawo wasiƙa.

Haka muka zauna har bayan girbi. Wata safiya ina shara sai na ji hayaniya a zaure. Tsofaffin mata uku ne daga wani ƙauye na Tirmini, sun ɗaure jakunansu a ƙofar gida, sun baje a kan fatun da Yaya ya shimfiɗa zai kai kasuwa. Labarin Garin Kanya ya kai musu. Su kuma an gina musu ɗakin haihuwa, ba mai shiga, an fara yi musu barazana. Ina jin Yaya yana ce musu Baturiyar ta tafi, su yi haƙuri. Babbarsu ta ce:

"Wa ya ce maka Baturiya muke nema? Mai kitson muke so, wadda ta faɗa wa kumandan maganar wando. Kuma ba za mu tashi daga kan fatun nan ba sai da ita."

Yaya ya lallashe su, ya kawo musu ruwa, ya kawo goro, ya ce kasuwa za ta watse. Ko gezau. Ɗaya ma ta miƙe ƙafa ta fara gyangyaɗi. Ina bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, ina danne dariya. Can na ji takunsa. Ya tsaya a bakin tsakar gida, ya dubi Ya, ya buɗe baki zai ce a ce wa wance, sai Ya ta juya masa baya ta ci gaba da tsince shinkafarta. Sannan ya dube ni, karo na farko cikin wata bakwai.

"Falmata," ya ce, "ki fito ki ɗauke mini baƙinki daga kan fatuna. Idan tafiyar ce, ki hau jakina, naki ba ya da ƙafa."